Rumfar Inabin Evanthia

Drimonia, watan Maris

Zuwa ga 'yata Urania,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Fulvio da 'yan matan nan biyu da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ni dai ga ni nan. Ƙafar hagu ta ƙi, ta dama tana shawara. Kunne kuwa kin sani, saboda haka kada ki ƙara wahalar da kanki da buga waya shagon kofi. Ranar nan abin da na ji kawai shi ne "Kawu", sauran kamar ruwan sama a kan kwano.

Katinki na sabuwar shekara bai iso ba sai da ƙanƙara ta narke a hanya. Na karanta cewa kun sayi mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu har da banɗaki, kuma kuna so ku tsallako da ita ta jirgin fito daga Ancona, can wajenku a Italiya, a watan Agusta. Na kai katin shago na karanta musu. Lambros mai shagon ya ce, "To, Malam Harilaos, danginka sun zama kunkuru, da gidansu suke yawo." Na ce masa, "Ko ba komai kunkuru yana isa inda ya nufa. Kai ɗanka na Ostireliya da yake hawa jirgin sama, ka gan shi?" Ranar bai sa mini sukari a kofi ba.

Rabona da tashar jirgin Igumenitsa tun ranar da ni da gwaggonki muka raka ƙanenta, wato babanki, kina kan kafaɗarsa kina tsala kuka don an hana ki tafiya da ɗan akuya. Saboda haka shawarata tsohuwa ce. Ku nemi tikiti da wuri, domin a Agusta duniya duka a kan ruwa take. Ku riƙe burodinku da cuku, abincin jirgi ba na mutane ba ne. Ku ɗauko wa yara rigar sanyi, iskar teku ba ta san bazara ba.

A makaranta an koya mana cewa mai ladabi ba ya buɗe wasiƙa da buƙatarsa, sai a ƙarshe, a taƙaice. To ga ta. Bana gwaggonki Evanthia ta cika shekara biyar a ƙasa. Lokaci ya yi da za a buɗe kabarin a fito da ita, a mayar da ita ɗakin ƙasusuwa na bayan coci. Ba mu haihu ba, kin sani. A jininta, mace ke kaɗai kika rage. Idan tafiyarku ta zo daidai, zan so ki kasance.

Kawunki,
Harilaos

Modena, watan Afrilu

Kawu,

Muna gaisuwa, duk muna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, Girkancin da ya rage mini na kicin ne, wanda Mama take yi mana faɗa da shi. Sannu da ƙafa. Kana shan magani kuwa, ko ka bar shi a kan taga yadda Baba yake yi?

Na karanta wa Fulvio zancen kunkuru, ya yi dariya har da tari, yanzu yara ma haka suke kiran motar. Kawu, mutumin nan tun Fabrairu ya shimfiɗa taswira a kan teburinmu, a tsaye muke cin abinci. Shekara uku ba mu je ko'ina ba, ni ina kicin ɗin makaranta, shi yana masana'antar tayil, mu dawo mu zube. Wannan hutun shi ne duk abin da yake magana a kai. Ya ce akwai irin tikitin da ake barin mutum ya kwana cikin motarsa a saman jirgi, ga iska ga teku, ba sai an kama ɗaki ba. Amma wai gurbin kaɗan ne, rububinsa ake yi. Yara kuma ba ruwansu da komai sai bakin ruwa.

Zancen addu'ar Gwaggo ai dole ne. Ka gaya mini ranar, mu zo mu tsaya, mu kunna mata kyandir.

Fulvio ya ce in tambaye ka, motar za ta shiga tsakar gidanka? Tsayinta mita uku da ɗan ɗori. Na ce masa za ta shiga mana, ni a tunanina gidan nan filin ƙwallo ne, ga inuwa ko'ina. Ya ce, "Kina shekara huɗu fa, Urania. A lokacin kaza ma doki ce a wurinki."

Taka,
Urania

Drimonia, watan Mayu

'Yata Urania,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, gwargwadon lafiyar tsoho. Maganin yana kan taga, amma ina kallonsa kullum.

Na ɗauko magwajin ɗinkin gwaggonki na auna ƙofa. Faɗi ya isa, idan Fulvio yana da hannu. Matsalar sama ce. Inuwar da kike tunawa rumfar inabi ce, ita ta dasa shi shekarar da muka tare, kuma mai doguwar hula ma sai ya sunkuya yake wucewa. Zan ga abin da za a yi.

Na yi magana da limamin cocinmu, Fada Nikodimos. Shi kaɗai ne a kan ƙauyukan dutsen nan gaba ɗaya, yana yawo da wata ƙaramar mota, Sotiris mai haƙar kabari a gefensa da shebur a baya. Ya ba mu Asabar ta farko ta Agusta, da safe. Na ce, "Fada, daga Italiya za su zo, ta ruwa. In jirgi ya makara fa?" Ya ce, "Malam Harilaos, ranar ina da baftisma a ƙauyen gangare kafin tsakar rana. Matattu sun iya jira, jarirai ba su iya ba." Na ce, "Ai ni ba mataccen nake roƙa wa ba." Ya yi kamar bai ji ba, ya dafa kafaɗata, ya duba agogo. Tun da na san shi yake duba agogon nan.

Kin rubuta addu'a da kyandir. Akwai su, akwai kuma sauran aikin, wanda na san mahaifiyarki ta gaya miki. Farin ƙyalle na nan, na ba da an wanke an goge. Ki sanar da ni ranar jirginku.

Kawunki,
Harilaos

Drimonia, ƙarshen Yuni

'Yata,

Gaisuwa. Na ji shiru. Ban sani ba ko tawa ce ta ɓata a hanya ko taki. Mai kawo wasiƙa yanzu tun daga nesa yake buɗe mini tafukansa biyu, don kada in sha wahalar tasowa.

Tunda shiru ba a'a ba ne, na kira Sotiris ya zo da zarto. An sauke rumfar. Ya bar kututturen daidai ƙuguna. Inabin ya riga ya yi 'ya'ya, ba su wuce ƙwayar wake ba, awakin maƙwabta suka cinye.

Stamatia, maƙwabciyata, wadda suka yi shekara hamsin suna faɗa da shiri da gwaggonki, ta leƙo ta katanga. Ta ce, "Harilaos, haukacewa ka yi? Inabin da matarka ta dasa da hannunta kake sarewa a tsakiyar bazara saboda wata motar Italiya?"

Na ce, "Motar 'yar ƙanenta ce."

Ta ce, "'Yar ƙanen da ko jana'iza ba ta zo ba?"

Na ce, "Lokacin tana da tsohon ciki."

Ta ce, "Kai ka sani. In rana ta gasa ka kamar kifi, kada in gan ka a inuwata."

Da yamma ta tsince ganyen da ya zube, ta naɗe shinkafa a ciki ta dafa, ta kawo mini kwano guda ta dire ta tafi.

Yanzu tsakar gida fili ne fetal. Motarku za ta shiga har ta juya. Akwai famfo kusa da ƙofa, wayar wuta kuma Lambros ya ce zai ara mana doguwa. Rana ce dai take shigowa har kan gado tun hantsi, na koma kwana a kicin.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Harilaos

Modena, farkon Yuli

Kawu,

Ka gafarce ni da shirun. Surukata ce ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, wata guda ina tsakanin aiki da asibiti. Ta samu sauƙi. Mu ma lafiya, gajiya ce kawai.

Ga yadda aka yi da tikiti. Kafin mu farga, gurbin kwana a mota na jirgin Igumenitsa ya ƙare. Wanda Fulvio ya samu sai a Patra zai sauke mu, can kudu. Sai ya juya tafiyar gaba ɗaya: mu fara daga kudu, mu biyo bakin teku muna yada zango, mu iso wajenku ƙarshen wata, mu hau jirgin komawa daga nan. Kuma wani abokin aikinsa da ya san yankinku ya ce hanyar dutsen ba ta irin motarmu ba ce. Za mu bar ta a zango a bakin ruwa, mu hau tasi mu zo mu ci abincin rana tare da kai.

Na san ba ranar da Fada ya sa ba ce. Amma ai zai iya yin addu'ar ba da mu ba, mu kuma mu kunna namu kyandir in mun zo. Gwaggo ba mai riƙo ba ce.

Na kai nan ke nan aka miƙo mini wasiƙarka ta Yuni. Kawu, ka sare inabin? Wa ya ce ka sare? Tambaya fa kawai na yi! Ba ka jira amsa ba? Yanzu me kake so in ce wa Fulvio? Ban ma san abin da zan ce maka ba.

Urania

Drimonia, watan Yuli

'Yata Urania,

Ina gaishe ki, ina yi wa surukarki sannu. Karayar ƙugu a tsufa ba wasa ba ce, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ni zafi ne ya ɗan kwantar da ni, na tashi.

Bar zancen inabi. An sare, an sare.

Na fahimci ba ki san aikin ba. Na manta kin bar nan kina ƙarama, kuma a can garinku an ce a bango ake zura mutum a rufe da siminti, shi ke nan. Bari in faɗa miki kai tsaye, ko da malamina zai juya a kabarinsa.

Makabartarmu a kan dutse take, gurbi kaɗan ne, ba mai zama a cikinta har abada. Sotiris zai haƙa har ya kai gare ta. Daga nan ba aikinsa ba ne. Mace daga jininta ce take durƙusawa a bakin ramin, ta karɓi ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ta wanke su da ruwan inabi, ta goge, ta jera a farin ƙyalle. Kan kuwa ta sumbace shi, ta ɗaura masa kallabi, kamar za ta coci. Sannan a sa a akwati. Evanthia ta yi wa kakarki. Ta yi wa babanki shekara biyar bayan kun aiko da gawarsa gida, tana wankewa tana yi masa faɗan rashin rubuto wasiƙa.

In babu kowa, Sotiris ne zai yi. Safar hannu ta roba yake sawa, ya tari ruwan famfo a bokiti. Ba mugun mutum ba ne, amma yana fito in yana aiki. Stamatia ta ce za ta yi, sai dai yatsunta sun ƙanƙance, ko allura ba ta riƙewa, kuma ba jininta ba ce. Ni ba na durƙusawa, hannuna kuma yana rawa. Tsorona in yar da ita.

Na tambayi Fada ko za a ɗaga. Ba shi da wata Asabar sai bayan girbin zaitun, ni kuma likita bai yi mini alkawarin zaitun ba.

Ban rubuta wannan don in ɓata muku hutu ba. Kun gaji, na ji a rubutunki. Ku tafi kudu, yara su yi wanka. Ni dai ba na so ki zo ƙarshen wata Stamatia ta gaya miki a bakin katanga, gara ki ji daga wurina. Akwai tulun ruwan inabin bara, na itacen nata, na ajiye shi don ranar. Zan ba Sotiris, wataƙila ya yarda ya yi amfani da shi.

Kawunki,
Harilaos

Modena, tsakiyar Yuli

Kawu,

A tsaye na fara karanta wasiƙarka, a ƙasan kicin na gama ta. Mama ba ta taɓa gaya mini ba. Cewa ta yi Gwaggo ta "kula da" Baba.

Na fassara wa Fulvio. Ya ce, "Ƙashi? Da hannu? Urania, hutu fa muka ce za mu!" Na ce masa ko ya juya taswirar nan, ko in ɗau jakata in shiga jirgi ni kaɗai. Kwana biyu bai yi mini magana ba, ran na uku ya dawo da wani tikiti. Babu kwana a mota, a kujera za mu kwana kamar 'yan gudun hijira, in ji shi. Jirgin zai iso Igumenitsa da asubahin Asabar ɗin, in bai makara ba. Kuma ya ce da motar za mu hau dutsen, don ba zai iya haɗa ido da mutumin da ya sare rumfarsa saboda ita ba in ya zo a tasi.

Kawu, ban taɓa taɓa gawa ba. Ban yi maka alkawarin zan iya ba. Tsoro nake ji. Kada ka ba Sotiris tulun tukuna.

Urania

Drimonia, watan Satumba

'Yata Urania,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Fulvio da 'yan matana. Katinku daga kudu ya iso, na ga teku, na gode. Na ji daɗi da kuka koma gida lafiya. Ni ina nan, numfashi ne yake yi mini rowa in na hau tudu, saboda haka na daina hawa.

Kin tambaya ko har yanzu ana zancen motar. Ana yi, za a kuma yi har Lambros ya mutu. Amma akwai abin da ba ki gani ba kafin ki iso, ranar kuma bakina bai iya faɗa ba.

Tun da sassafe nake zaune a makabarta, tulu a cinyata. Aka yi addu'a, Sotiris ya haƙa, ya kai. Babu ku. Wani ya ce an hango jirgi daga kan tudu, bai ma shigo tasha ba. Muka jira har hantsi. Fada ya duba agogo, ya sake dubawa, ya ce, "Malam Harilaos, na jira iya jira. Sotiris, taro ruwa ka gama, bari in juyo da mota." Sotiris ya zura safar roba, ya tafi famfo. Na ji ruwa yana zuba a bokiti, na ji ya fara fito. Na so in miƙa masa tulun, hannuna ya ƙi saki.

Sai muka ji ƙaho, da ihu, da ƙarar ƙarfe yana goga bango. Kunnen nan nawa ma ya ji. Sauran kin sani: kunkurunku ya cusa kai a kwanar da ke tsakanin katangar coci da shagon Lambros, ba gaba ba baya, motar Fada kuma hanci da hanci da shi. Hanyar fita garin nan ke nan, ba wata. Fada ya dawo a ƙafa, gumi har gemu, ya ce, "Ajiye bokitin nan, Sotiris. Yau ba mai fita." Bayansa sai ga ki da gudu, da silifas ɗin bakin ruwa.

Na ga kin durƙusa a bakin ramin. Na ji Stamatia a kanki tana cewa, "A hankali, 'yar nan, ba kwanuka kike wankewa ba." Na ga lokacin da kika juya baya kika yi amai, kika goge baki kika dawo. Ba wanda ya ga laifinki. Da kika ɗauki kan, na ji kin ce, da Girkancin nan naki na kicin, "Gwaggo, yi haƙuri, ruwan da sanyi." Ba na jin rabin abin da ake faɗa mini da ƙarfi, amma wannan na ji shi.

Matan gari har yau suna cewa ƙasusuwan gwaggonki sun fito kalar zuma, alamar mai tsabtar zuciya. Stamatia ta ce ita ta daɗe da sani, ita da ta yi shekara hamsin tana kiranta mai taurin kai.

Lambros kuwa bai gyara rumfar shagonsa da aka cire don a fitar da motar ba. Ya ce in aika wa Fulvio gaisuwa, ya ce kuma mutumin da zai sauka dutsen nan da baya, mutum goma suna ba shi umarni iri goma, bai zagi kowa ba sai da yarensa, to a bar masa. Yanzu ni da shi duka a rana muke zama. Motar ba ta ga tsakar gidana ba. Ƙaramarku ta tambaye ni me ya sa gidan ba inuwa, na ce mata muna jiran baƙo ne mai tsawo.

Kun zo da hantsi, kun tafi da la'asar. Ba na ƙorafi. Gidan ne dai ya fi da shiru, kamar sai da aka tuna masa.

Ga buƙata a ƙarshe, yadda aka koya mana, amma wannan karon ba zan naɗe ta a ladabi ba. Kin ga akwatin ya yi wa mutum ɗaya girma. Ni na sa maƙeri ya yi shi haka. Ni ba jininki ba ne, al'ada ba ta ɗora miki ni ba, in kin ƙi ba wanda zai yi magana. In Lambros ya bugo miki waya wata rana, kada ki zo jana'iza, jirgi ba zai kawo ki a kan lokaci ba. Ki ƙirga shekara biyar. Kututturen ba zai mutu ba, Stamatia ta ce kafin nan zai cika tulu guda.

Ki sayi tikiti da wuri. Kuma ku zo da kunkurun. Tun da aka kawo mana Fada Nikodimos, ban ga abin da ya taɓa tsayar da shi ba sai wannan kunkurun.

Kawunki,
Harilaos